Barewa Ba Ta Gudu Ɗanta Ya Yi Rarrafe: Iyaye da Haƙoran 'Ya'yansu

Duk wanda ya san ni a wannan sashe namu ya san ina da yawan dariya, amma ba kowa ne ya lura cewa da gefen dama kaɗai nake tauna abinci ba. Dalili kuwa shi ne ina da giɓi a can ciki, ta gefen hagu a muƙamuƙin ƙasa. Ina da shekara 11 aka cire mini turmi, wato babban haƙorin nan na tauna, kuma har in koma ga Mahaliccina wani ba zai fito a gurbinsa ba. Da aka buƙaci mu kawo rubuce-rubuce domin wannan fitowa ta mujallarmu, abokaina suka rarraba kansu tsakanin waƙa da nahawu da tatsuniya, ni kuwa na ce a kan haƙori zan yi magana. An yi mini dariya a aji, har wani ya tambaye ni ko na sauya sheƙa ne zuwa sashen likitanci. Ban sauya ba. Sai dai ina ganin da yawa daga cikinmu nan da 'yan shekaru za mu zama iyaye, wasu ma sun riga sun zama, mafi yawanmu kuma aikin koyarwa ko fassara ko gidan rediyo ne ke jiranmu. Ke nan maganar ta shafe mu ta fuska biyu.

Ni Bayarabe ne, a Ibadan aka haife ni, kuma a bakin maƙwabtanmu na Sabo na fara tsintar Hausa kafin in zo in same ta a aji. Idan mai karatu ya ga tuntuɓen alƙalami, sai ya yi mini afuwa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, makomar bakin yaro a hannun iyayensa take, kuma ana yanke ta ne tun kafin yaron ya iya ɗaure igiyar takalminsa. Ba da wa'azi iyaye suke yanke ta ba, da abin da yaro yake gani suna yi ne, da abin da suke miƙa masa idan ya yi kuka, da kuma abin da suka ɗauka ba kome ba ne.

Bari in fara da gidanmu. Mahaifiyata tana da ɗan shago a ƙofar gida, inda take sayar da kayan shayi da sabulu da biskit da alewa iri-iri. A cikin shagon nan na yi wayo. Idan na dame ta da rigima alhali masu saye suna tsaye, sai ta zura hannu a kwalba ta miƙo mini minti ɗaya ko baba dudu, wata baƙar alewa da duk wanda ya tashi a ƙasar Yarabawa ya sani. In yi shiru na ɗan lokaci, in sake, ta sake. Ba mugunta ce ta sa ta ba. Mace ce da ke neman abin da za ta ciyar da mu, ga yaro yana jan zanenta, ga maganin kukan a gabanta. Da haƙorin ya fara yi mini zogi, ta leƙa bakina ta ga baƙin rami, sai ta ce, "Yi haƙuri ɗana, na yarinta ne, zai faɗi wani ya fito." Aka yi ta ba ni ruwan gishiri mai ɗumi, aka danna kanumfari a ramin, aka ɗiga wani ruwan magani da ta saya a hannun mai talla a cikin mota, wanda ya ƙone mini dasashi. Sai da kumatuna ya kumbura na kwana biyu ban runtsa ba, sannan aka kai ni asibiti. Likitan ya duba, ya juya ya ce mata, "Mama, wannan ai ba na yarinta ba ne, na girma ne. Da kun zo bara da mun cike shi." Har muka dawo gida a mota mahaifiyata ba ta ce uffan ba.

Wannan kuskure ba nata ba ne ita kaɗai, domin haƙorin da ya yaudare ta yana yaudarar iyaye a ko'ina. Yaro yana da haƙoran nono guda 20. Na farko yakan ɓullo yana da wata 6 ko kusa da haka, su kammala fitowa wajen shekara 3. Baligi kuma yana da 32. Abin da iyaye suka sani shi ne famfara: haƙori ya yi girgiɗi, ya faɗi, wani ya maye gurbinsa. Abin da ba su sani ba shi ne, wajen shekara 6 akwai turame huɗu na girma da suke fitowa a can bayan haƙoran nono, biyu a sama biyu a ƙasa, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Shiru suke zuwa. Tun da ba a ga famfara a wurin ba, sai uwa ta lissafa su cikin na yarinta. Ga su a lungu inda hannun yaro ba ya kaiwa da kyau, ga samansu da kwaruruka da abinci ke maƙalewa, ga shi sun zo daidai lokacin da yaro ya fara riƙe kuɗin tara a makaranta. Ɗaya daga cikin waɗannan huɗun ne na rasa.

Ko da a ce na nono ne, maganar "ai zai faɗi" ba hujja ba ce. Turamen nono ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Ke nan wanda nasa ya ruɓe yana ɗan shekara 4, shekara nawa ake so ya yi yana fama? Yaron da bakinsa ke ciwo ba ya cin abinci sosai, ba ya barci, ba ya fahimtar karatu. Sannan haƙorin nono shi ke riƙe wa na girma wuri. Idan aka cire shi da wuri, maƙwabtansa sai su matso su cike gurbin, na girman ya zo ya rasa hanya ya fito a karkace. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ce kimanin mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki a duniya, kuma yara wajen miliyan 514 suna da ruɓewa a haƙoransu na nono. Wannan adadi ya ninka yawan 'yan Nijeriya gaba ɗaya sau biyu, har da ɗoriya.

To, sai batun lokacin goge baki, wanda a ganina nan ne gizo ke saƙar. A gidajenmu na Yarabawa abin kunya ne yaro ya tashi da safe ya yi ta surutu da mutane bai wanke baki ba. Da na yi zaman koyon harshe a Kano na tarar da irin wannan a gidan da na sauka: da asuba za ka ga maigida da asuwaki a baki kafin ya fita masallaci. Abokaina 'yan ƙabilar Ibo ma haka suka ce mini. Tarbiyya ce mai kyau, amma a duba abin da take koya wa yaro. Tana koya masa cewa ana goge baki ne don kada mutane su ji wari, wato al'amari ne na ladabi da kunya. Tun da dare babu wanda za ka gaisa da shi sai matashin kai, me zai sa ka goge? Ni dai ban taɓa ganin mahaifina ya ɗauki buroshi da dare ba, ko sau ɗaya. Babu wanda ya ce mini kada in yi, amma babu wanda na ga yana yi, don haka ban taɓa tunanin abu ne da ake yi ba har sai da na shiga sakandare ta kwana na ga wani yaro ɗan likita yana yi, muka riƙa yi masa tsiya wai yana ɓarnar makilin.

Alhali na daren ya fi muhimmanci. Ga yadda abin yake. A bakin kowannenmu akwai ƙwayoyin cuta da ke zaune cikin wani danƙo mai laushi da ke manne wa haƙori, wanda idan ka kankara da farce za ka ga fari-fari. Abincinsu sukari ne. Da zarar sukari ya shiga baki, sai su ci su fitar da wani ruwa mai tsami, wato asid, shi kuma ya riƙa narkar da farin ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan. Yawu ne mai ceto: yana wanke tsamin, yana kuma mayar wa haƙori sinadaran da ya rasa, amma yana buƙatar kamar rabin awa ko fiye kafin ya gama aikinsa. Idan mutum ya yi barci yawu yakan ragu ƙwarai. Saboda haka yaron da ya sha shayi mai sukari ya kwanta, ko jaririn da aka kwantar da fida a baki cike da madara mai sukari ko koko mai zaƙi, ya bar haƙoransa a hannun abokan gaba tsawon dare babu mai gadi. Irin waɗannan yara ne za ka ga haƙoransu na gaba na sama sun yi baƙi sun guntule tun suna shekara 2 ko 3, a ce wai maganin asibiti ne ya ɓata su.

Wannan ya nuna kuma cewa yawan lokutan da ake shan zaƙi ya fi yawan zaƙin illa. Yaron da ya shanye alewa biyar a zama ɗaya bayan abincin rana ya fi samun sauƙi a kan wanda ake ba ɗaya-ɗaya sau biyar a wuni, domin na biyun bakinsa ba ya hutawa daga tsami. An tabbatar da haka ne ta wata hanya mai muni. Daga 1945 zuwa farkon shekarun 1950, a wani asibitin masu naƙasar ƙwaƙwalwa da ake kira Vipeholm a ƙasar Suwidin, an riƙa ba marasa lafiya alewa mai danƙo tsakanin abinci da abinci don a ga abin da zai faru, ba tare da sun san abin da ake yi da su ba. Haƙoran da yawa daga cikinsu suka lalace. A yau babu jami'ar da za ta amince da irin wannan bincike. Amma daga sakamakonsa ne mutanen ƙasar suka ɗauki al'adar da suke kira alewar Asabar, inda iyaye suke tara wa yaro kwaɗayinsa zuwa rana ɗaya a mako. Da na karanta wannan sai na tuna da kwalbar mintin mahaifiyata. Ashe abin da aka yi wa waɗancan bayin Allah da sunan bincike, shi aka yi mini da sunan ƙauna.

Zaƙi kuwa a wurinmu harshen ƙauna ne, kuma wannan ne ya sa yaƙin yake da wuya. Uba ya dawo daga aiki, tsarabarsa biskit da cakulan. Baƙo ya zo, ya miƙa wa yaro kuɗi ya ce a sayi minti. Yaro ya ci jarrabawa, lemon kwalba. An yi masa allura, askirim. A Sabo kuwa ga tuwon madara ga gullisuwa ga iloka a faranti a kowace kwana. Yau da gobe sai yaro ya haɗa zaƙi da farin ciki a zuciyarsa, ya girma da haka, shi ma ya yi wa nasa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana, in da hali ma ya tsaya ƙasa da kashi 5, wanda ga baligi bai wuce ƙananan cokula 6 ba. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da wajen cokali 8 zuwa 9. A 2022 gwamnatin Nijeriya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, amma ni ban ga uban da naira 10 ta hana shi saya wa ɗansa lemo ba. Mu ɗalibai ma kada mu yi saurin nuna yatsa. Wanene a ɗakunan kwananmu bai taɓa jiƙa gari da sukari cokali huɗu da ƙarfe ɗayan dare ba, ya sha ya bi lafiyar gado?

Na san wani zai ce, to kakanninmu fa? Ba su san buroshi ba, ba su san likitan haƙori ba, amma sun mutu da haƙoransu. Akwai gaskiya a ciki. Kakata ta wajen uwa ta haura shekara 80 tana fasa goro da haƙorinta. Kullum da safe za ka same ta a bakin ƙofa da pako, wato asuwakin Yarabawa, wani lokaci na itacen da muke kira orin ata mai sa baki ya yi yaji-yaji, tana gogawa tana amsa gaisuwa, sai ta ɗauki kusan rabin awa. Hausawa suna da nasu na itacen asuwaki da na darbejiya, ga Musulmi kuma abin ya wuce al'ada, sunna ce mai lada. Masu bincike sun samu sinadarai masu hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikin wasu daga waɗannan itatuwa, kuma wanda ya iya amfani da asuwaki yana cire dattin haƙori sosai. Ni ba na cikin 'yan bokon da ke raina shi.

Amma a yi adalci wajen kwatanci. Kakata ba ta tashi da lemon kwalba ba. Abincinta amala ne da miyar ganye da wake da doya, sukari kuwa sai ranar biki. Abin da ya faru da tsararmu shi ne, iyayenmu sun karɓi abincin zamani gaba ɗayansa, amma suka ɗauki rabin tsaftar zamani, suka kuma saki haƙurin da tsofaffi suke yi da asuwaki. Rabin awar kakata ta koma daƙiƙa 20 da buroshi a tsaye a bakin rariya, ana sauri kada a makara. An saki na hannu, ba a kama na guje ba. Sannan yaro ɗan shekara 4 ba zai iya juya asuwaki ya kai bayan turame ba, tauna shi kawai zai yi ya tofar.

Abin da man goge baki ya fi asuwaki da shi guda ɗaya ne, sinadarin fuloraid, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori ya jure wa tsami. Muhimmancinsa ya kai har a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man goge baki mai fuloraid a cikin jerin magungunan da ta ce bai kamata a rasa ba. Sai dai a nan ma iyaye suna koyar da abin da suka gani a talla, inda ake shimfiɗa man daga wannan ƙarshen buroshi zuwa wancan. Yaron da bai kai shekara 3 ba, ɗan shafe kamar ƙwayar shinkafa ya ishe shi. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙaramar ƙwayar wake. Dalili shi ne ƙananan yara suna haɗiyewa, fuloraid kuma idan ya yi yawa a jiki lokacin da haƙora ke ƙulluwa yana sa su fito da tabo fari ko ruwan ƙasa. Ana ganin irin wannan tabo a wuraren da ruwan shansu yake da fuloraid da yawa daga ƙasa, kamar yankin Langtang a Jihar Filato, kuma ba ƙazanta ba ce kamar yadda wasu ke zato. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne, likitoci sun ce bayan an goge a tofar kawai, kada a kurkure da ruwa, don maganin ya zauna a kan haƙori. Mu kuwa an koya mana mu kurkure sau uku har da gargaza a maƙogwaro. Haka nan mahaifina ba ya sayen buroshi sai mai tauri, wai shi ne ke fitar da datti, kuma ba ya yar da shi sai gashinsa ya baje kamar tsohuwar tsintsiya. Mai laushi ake so, a sauya shi bayan kamar wata 3. Kuma yaro yana buƙatar babba ya goge masa, ko ya tsaya a kansa, har ya kai shekara 7 ko 8. A gidanmu tun ina shekara 4 aka miƙa mini buroshi aka ce na girma.

Akwai kuma abin da iyaye suke gadar wa 'ya'yansu wanda ya fi buroshi haɗari, wato camfi. Wasu camfe-camfen ba su da illa, har ma suna da daɗin tunawa. Dukkanmu mun jefa haƙori a kan rufin ɗaki, mun kuma rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin ya hana sabo fitowa. Amma akwai mai kisa. Kusan kowace uwa a ƙasar nan ta yarda cewa fitar haƙori na kawo zazzaɓi mai zafi da gudawa da amai. Abin da fitar haƙori ke kawowa shi ne ƙaiƙayin dasashi da dalalar yawu da 'yar rigima. Gudawar tana zuwa ne domin a daidai wannan lokaci yaro ya fara rarrafe yana kai kome baki, an fara ba shi abinci da ruwa, kariyar da ya samo daga jikin uwa kuma tana raguwa. Idan aka ce "haƙori ne", sai a zauna a gida da yaron da maleriya ko gudawa ke ci. Wannan imani ne kuma ya buɗe kasuwar magungunan fitar haƙori. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, yara aƙalla 84 suka mutu a Nijeriya bayan an ba su wani irin wannan magani mai suna My Pikin, wanda aka samu gubar da ke kashe ƙoda a cikinsa. Hukumar NAFDAC ta rufe kamfanin da ke Legas, a 2013 kuma kotu ta ɗaure ma'aikatansa biyu shekara bakwai-bakwai. Iyayen waɗannan yara ba sakaci suka yi ba. Kuɗinsu suka cire suka sayi magani don ciwon da tun farko ba ya buƙatar magani.

Can ƙarshen wannan hanya kuma akwai cutar noma, wadda ke farawa da kumburin dasashi a bakin yaro mai fama da yunwa, galibi ɗan shekara 2 zuwa 6, cikin 'yan kwanaki ta cinye kumatu da leɓe. Mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi, alhali a farkonta maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Tun 1999 akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato, a Disambar 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Talauci ne tushenta, ba na musu. Amma uwar da ta saba buɗe bakin ɗanta tana dubawa ita ce za ta ga dasashi yana jini tun ranar farko.

Na ambaci uwa sau da yawa, kada a ce na ɗora wa mata laifi. Ina iyaye maza? A yawancin gidajenmu uba ne mai kawo alewa, uwa ce mai faɗan goge baki, don haka a idon yaro baba ne mutumin kirki. Uban da bai taɓa zuwa wurin likitan haƙori ba sai ranar da ciwo ya kayar da shi, ya dawo yana ba da labarin yadda aka taka masa ƙirji aka fizge haƙori, ya riga ya gama koya wa 'ya'yansa darasi. Wasu ma da likita suke yi wa yaro barazana: "Ka ci gaba da rashin ji, in kai ka a cire maka haƙori." Yaron da aka rena da wannan zai kai shekara 40 yana ɓoye ciwo. Likitocin yara suna so a kai yaro a duba bakinsa tun yana shekara 1, lokacin da babu abin da ke damunsa, don ya saba da kujerar.

A nan dole in tsaya in saurari mai suka, domin na san abin da zai ce: kana magana kamar kowa a Bodija yake zaune. Likitocin haƙori kaɗan ne a ƙasar nan, kuma sun taru a manyan birane irin su Legas da Ibadan da Abuja. Mutumin ƙauye zai yi tafiyar awoyi kafin ya ga ɗaya, ga kuɗin mota ga na kati ga na aiki. Uwar da ke tunanin abin da za a ci da dare, ka ce ta sayi buroshi biyar duk wata uku? Na yarda da wannan duka, kuma gwamnati tana da nata kason na laifi, babba ma kuwa. Amma a lura, mafi yawan abin da na lissafa ba ya cin ko kwabo. Goge baki da dare bai fi na safe tsada ba. Rage man da ake matsawa tanadi ne. Hana jariri kwana da fida a baki kyauta ne. Mayar da alewa bayan abinci maimakon tsakanin abinci kyauta ne. Wanda ba shi da kuɗin buroshi, ya kankare wa ɗansa da asuwaki mai laushi ko tsumma mai tsafta kafin barci. Talakan da likita ya yi wa nisa ai shi ya fi kowa buƙatar kada ramin ya fara. Na kuma ga 'ya'yan masu hali da bakinsu ya fi na 'ya'yan talakawa lalacewa, domin firjin gidansu ba ya rabuwa da lemo.

Yanzu bari in dawo gare mu, 'yan'uwana masu nazarin harshe. Da nake tattara bayanan wannan rubutu na tambayi mutane da yawa me ke kawo ramin haƙori. Bahaushe ya ce tsutsa. Bayarabe ya ce kokoro, wato ƙwaro. Duk harsunan biyu sun ɗora laifin a kan wata halitta da ke shigowa daga waje ta ci haƙori. Wanda ya yarda da haka, abin da zai nema shi ne mai fitar masa da tsutsa, shi ya sa masu maganin tasha suke turara wa mutum hayaƙi su nuna masa 'yan fararen abubuwa a cikin ruwa su ce ga ta nan ta fito. Ba zai taɓa kallon kofin shayinsa ba. Kalma ɗaya ta karkatar da tunanin al'umma guda. Idan gobe aka ba ɗayanmu takardar faɗakarwa daga asibiti ya fassara, ya rubuta "tsutsar haƙori" don ita ce mutane suka sani, ya ƙarfafa kuskuren da aka ɗauke shi ya gyara. Idan kuma ya cika takardar da kalmomin Turanci, babu mai karantawa. Ni na zaɓi "ruɓewar haƙori" da "tsamin da ke narkar da haƙori" a wannan rubutu, amma ban gamsu ɗari bisa ɗari ba, kuma zan so a tattauna shi a darasinmu na fassara. Haka nan kalmar "turmi": na gwada ta a kan wasu Hausawa matasa a Sabo, biyu daga cikinsu suka zaci na dakan hatsi nake nufi.

A hutun da ya wuce na je gidan yayata. 'Yarta ta fari ta cika shekara 6. Bayan an ci tuwon dare na ga uwar ta haɗa mata shayi da sukari cokali uku, wai ba ta barci sai da shi. Na kira yarinyar na ce ta buɗe baki, na haska da fitilar waya. Ga su nan kuwa a can baya, biyu na ƙasa sun fito fes, na sama ɗaya ya fara leƙowa. Na ce, "Yaya, zo ki gani. Kin san waɗannan ba za su faɗi ba?" Ta leƙa, ta ce ita ba ta ma san sun fito ba. Sai na buɗe nawa bakin na nuna mata giɓin, ta yi shiru, don ita ce ta riƙe mini jaka ranar da aka kai ni asibiti. Yarinyar ta ce, "Kawu, ƙadangare ne ya ga naka?" Muka yi dariya. Daren nan mu uku muka tsaya a bakin rariya da buroshi, mijin yayata yana zaune a falo yana kallon ƙwallo, na kira shi ya ce shi ya goge da safe.